Naman Kaza Bayan Ruwan Dare

Idan aka kwana ana ruwa a watan Agusta, irin ruwan marka mai sauka a hankali har kiran assalatu, gari yakan waye da baƙi a wuraren da jiya babu kowa. Gindin katanga, bayan rumbu, kan tsohon juji, jikin kututturen mangwaron da aka sare bara, gefen filin ƙwallon makaranta inda ciyawa ta yi kauri. Wasu farare fat, wasu ruwan ƙasa, wasu rawaya, wasu kuma don ƙanƙanta sai mutum ya kusa taka su yake lura. Yara su ce laimar kwaɗi, manya su ce naman kaza, a wasu garuruwan a ce naman ƙasa. Yawancinmu a tsaye muke wuce su, in ta yi yawa a sa ƙafa a tuntsurar da ɗaya. Kafin la'asar rabinsu sun yi yaushi, jibi war haka babu ko alamarsu.

Na daɗe ina tsayawa a kansu a kewayen Zariya, kuma abu guda da na tabbatar shi ne ba a sanin naman kaza daga tsaye. Daga sama kusan duk kamanninsu ɗaya, hula ce a kan ƙafa. Duk abin da ya raba wannan da wancan, har da abin da ya raba na miya da mai kisa, yana ƙarƙashin hular ne, ko a gindin da ke binne cikin ƙasa, ko a jikin abin da ya tsiro a kai. Wanda ba zai yarda gwiwarsa ta taɓa laka ba, da ido yake dubawa ko da kyamara, hula kawai zai riƙa gani.

Fitowarsu dare ɗaya tana da dalili. Wanda muke gani a sama ba shi ne dukan halittar ba. Ainihin jikin yana cikin ƙasa ko cikin ruɓaɓɓen itace, farin zare ne da ya fi gashi sirantaka, ya ratsa ko'ina yana cin busasshen ganye da kashin dabbobi da itace. Duk wanda ya taɓa ɗaga tulin ganyen da ya daɗe a jiƙe ya tarar da farar saƙa ta manne ganyen da juna, to ya ga jikin. Zaren nan yakan yi shekaru a wuri ɗaya, ya yi likimo duk tsawon rani. Idan ƙasa ta jiƙu sosai sai ya dunƙule ƙananan ƙulli, kowanne da 'yar hularsa da ƙafarsa an riga an tsara su a takure. Ruwa kawai suke jira. Da ruwan dare ya sauka sai ƙullin ya zuƙa ya kumbura, kamar yadda garin kwaki ke cika kwano idan ya sha ruwa, ya tsaga ƙasa ya miƙe. Kusan kashi 90 cikin 100 na jikin ɗanyen naman kaza ruwa ne. Shi ya sa yake fitowa da sauri, shi ya sa kuma zafin wuni ɗaya ya isa ya gama da shi.

Aikin da ya fito yi ɗaya ne, ya saki iri ya tafi. Irin kuwa gari ne mai laushi da ido ba ya ganin ƙwayarsa guda, yana zubowa daga ƙarƙashin hula iska tana ɗauka. Amfanin ƙafar ke nan, ta ɗaga hular sama kaɗan don iska ta samu hanyar ratsawa. A 1909 Reginald Buller, wani masani da ya koyar a Kanada, ya ƙiyasta ƙwayoyin iri fiye da biliyan ɗaya daga hula guda matsakaiciya. Mukan sa naman kaza a sahun tsirrai saboda daga ƙasa muke ganin ya fito, alhali ba shi da koren da tsiro ke haɗa abincinsa da shi daga hasken rana. Tun 1969 masana suka ware masa gida na daban, shi da danginsa, kuma dangin nan duk mun san su: fumfunar da ke kama tuwon da ya kwana biyu, yis ɗin da ke tayar da kwaɓin burodi da fanke, da burtuntunar da ke mayar da zangarniyar dawa baƙin gari.

Mai neman su sai ya koyi lissafin ruwa. Ruwan farko na watan Mayu ba ya fito da wani abin kirki, ƙasa shanyewa kawai take yi. Daga ƙarshen Yuni abin ke kankama, ya yi ƙarfi a Yuli da Agusta, ya ja har cikin Satumba. Manya sukan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku bayan ruwa mai ƙarfi, ƙanana kuwa washegari da sassafe. Akwai wani ɗan siriri mai launin toka da ke fitowa cikin gajeriyar ciyawa, hularsa shara-shara, da ninki-ninki daga tsakiya zuwa baki, har ana hango haske ta cikinta. Kafin fitowar rana yake buɗewa, da hantsi ya ɗaga ya lanƙwashe. Wanda ya tsaya karin kumallo da wuya ya same shi a miƙe. 'Yan'uwansa da ke fitowa a turken shanu da kan taki su kuma narkewa suke yi, bakin hular ya zama baƙin ruwa yana ɗiga, har ta ƙare ƙafa kaɗai ta rage.

Ba duka ne ma ke da hula da ƙafa ba. A kan tsohon kashin awaki, ko diddigar katako a bayan shagon kafinta, akan ga 'yan kofuna da ba su kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba, a cikin kowanne akwai 'yan ƙwayoyi baƙaƙe a kwance. Masana suna ce musu Cyathus. Ɗigon ruwan sama ne ke faɗawa cikin kofin ya fantsamar da ƙwayoyin, wani lokaci har nisan mita guda, su manne a ciyawa, dabba ta ci, irin ya bi ta cikinta ya fito a sabon wuri. Akwai kuma wanda hanci ke fara ganowa kafin ido, mai warin mushe, ƙudaje sun yanyame kansa. Shi bai dogara da iska ba, ƙudajen ne masu kai masa iri.

Na jikin itace sun fi sauƙin samu, kuma ba sa saurin tafiya. A kan itacen girkin da aka bari a ruwa akan ga wasu ƙanana masu launin toka-toka da gashi-gashi, sun jeru a kan juna. Wannan shi ne Schizophyllum commune, yana nan a kowace nahiya in ban da ta ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya. Idan ya bushe ya naɗe, idan ruwa ya taɓa shi ya sake buɗewa. Sai kuma Ganoderma, jan nan mai tauri da sheƙi da ke fitowa a gindin kututture. Idan a jikin mataccen itace ne ba komai. Amma idan aka gan shi a gindin bishiya mai rai, to cikinta ko saiwarta ta fara ruɓewa, kuma in tana kusa da ɗaki ko makarantar allo ya kamata maigida ya sa ido kafin iskar ƙarshen damina.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne na gara. Akwai jinsin gara a Afirka da kudancin Asiya da noma suke yi a cikin gidansu. Ma'aikatan sukan ɗebo busasshiyar ciyawa da kara da itace, su haɗiye, su fitar da shi bai gama narkewa ba, su gina wata saƙa mai ramuka-ramuka a ɗakunan ƙarƙashin suri. A kan wannan saƙa zaren wani naman kaza yake rayuwa, yana narkar da abin da cikin gara ba zai iya narkarwa ba, yana fitar da 'yan fararen ƙwayoyi da garar ke ci, daga baya ta cinye tsohuwar saƙar ita ma. Ita kuma garar tana riƙe masa da danshi da ɗumi kusan digiri 30 dare da rana, rani da damina, tana share masa duk wata fumfunar da ta so ta yi masa kutse. Babu mai iya rayuwa ba tare da ɗayan ba. Masana sun ƙiyasta cewa wannan noma ya fara ne a dazuzzukan Afirka shekaru kimanin miliyan 30 da suka wuce. Bafaranshe Roger Heim ne ya raɗa wa naman kazan suna Termitomyces a 1942.

Da damina sai zaren ya turo wani dogon tsiro daga kan saƙar, ya huda ƙasa ya fito fili. Dubi tsakiyar hularsa, a yawancinsu za ka ga wani ɗan tsini mai tauri, da shi ya huda hanyar. Idan aka bi gindinsa da haƙuri ana tonawa, sai a ga ƙafar ba ta ƙare a saman ƙasa ba, ta zarce can ciki tana sirancewa, wani lokaci tsawon kamu biyu ko fiye, har ta isa ɗakin gara. Dalilin wannan wahala shi ne sabon gida. Ginar da ke tashi bayan ruwa, wadda yara ke kamawa a gindin fitila, idan namiji da mace suka sauka suka kafa gida, a yawancin jinsuna ba su zo da iri ba. Sai 'ya'yansu na farko sun fita kiwo sun kwaso ƙurar irin da naman kaza ya watsa a ƙasa. An daɗe ana nazarin gara a Mokwa ta jihar Neja a shekarun 1970, kuma wani bincike da aka yi a Najeriya aka buga a 1981 ya nuna cewa wasu jinsuna sun saɓa wa wannan: ginarsu takan tashi da irin a cikinta. Cikinsu har da Macrotermes bellicosus, mai gina dogon surin nan mai tsini-tsini. Shi ya sa sau da yawa mutum zai kewaye babban suri bai ga komai ba, ya zo ya tarar da naman kazan gara a fili sumul a tsakiyar gona, inda gidan wata garar yake ɓoye a ƙasa.

Akwai ƙarami cikinsu da ba shi da doguwar saiwar. Garar ce da kanta take kwaso ɓarɓashin saƙa ta shimfiɗa a fili da daddare, bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ya cika da ɗaruruwan fararen huluna ƙanana. Babbansu kuwa, Termitomyces titanicus na Zambiya, hularsa tana kaiwa faɗin mita guda. Sai a 1980 aka rubuta shi a littattafan kimiyya, alhali mutanen ƙasar sun daɗe suna cinsa suna sayarwa a bakin hanya. Idan abu mai wannan girma ya iya kaiwa 1980 ba a rubuta shi ba, ina ga ƙananan da ke bayan gidajenmu? A rahoton da lambun binciken tsirrai na Kew da ke Ingila ya fitar a 2023, an ƙiyasta dangin naman kaza da fumfuna sun kai jinsi miliyan biyu da rabi, waɗanda aka raɗa wa suna kuwa kimanin 155,000 ne.

Wani rukunin kuma abokan bishiya ne. A dajin doka, irin wanda ya shimfiɗu daga kewayen Zariya zuwa Birnin Gwari da Falgore, ya ratsa har arewacin Benin da Togo, zaren yakan naɗe kan ƙananan saiwoyin doka da kawo da kafafago. Yana tatso wa bishiyar ruwa da sinadaran ƙasa daga inda saiwarta ba ta kaiwa, ita kuma tana ba shi zaƙin da ganyenta ya haɗa. A nan ake samun masu launi: ja, ruwan lemo, rawaya, har da shunayya. Wani idan ka karya ƙafarsa ta ɓalle ɓas ba zare, wani idan ka ja masa farce a ƙarƙashin hula ya zubo da farin nono. Irin waɗannan ba za ka same su a gindin dalbejiya ko mangwaro ba ko ka shekara kana nema, kuma ba a noma su a buhun diddigar katako yadda ake noma na sayarwa. Duk dokar da aka sare aka yi gawayi da ita, da nata abokan take tafiya. Buhunan gawayin da ke jere a bakin hanyoyin Kaduna na tuna mini da wannan, domin akwai dazuzzukan da za su ƙare ba a taɓa ɗaukar hoton abin da ke fitowa a gindinsu ba. A Benin an yi ƙoƙari: André De Kesel da Jean Claude Codjia da Nourou Yorou sun fitar da littafin naman kazan da ake ci a ƙasar a 2002, kuma da yawa daga hotunan cikinsa na irin dajin nan namu ne.

To, an same shi, yaya ake gane shi? Kafin a taɓa, a dubi abin da ya fito a kai: ƙasa ce, itace ne, kashin shanu ne, wace bishiya ce a kusa? Sannan a tono shi da wuƙa ko tsinke, kada a fizge, domin gindin shi ne shaida mafi girma kuma shi ne ke saurin tsinkewa ya zauna a ƙasa. A juya hular. Wasu suna da haƙarƙari sirara da suka tashi daga ƙafa zuwa baki, wasu ƙananan ƙofofi ne birjik, wasu 'yan tsinaye. Haƙarƙarin ya manne da ƙafa, ko ya bar rata, ko ya gangaro a jikinta? Akwai zobe a wuyan ƙafar? Gindin ya kumbura, ko yana zaune cikin wata 'yar jaka mai laushi? A tsaga shi biyu da reza daga sama har ƙasa, a jira a ga ko naman zai sauya launi, don akwai masu komawa ja ko rawaya, akwai masu zama shuɗi nan take. A sansana. Taɓawa da sansanawa ba sa cutarwa, haɗiya ce ke cutarwa, sai dai a wanke hannu bayan an gama.

Gwajin da ya fi burge yara, kuma ya fi amfani, shi ne na launin iri. A yanke ƙafar, a kifa hular a kan takarda, rabinta a kan fara rabi a kan baƙa, a rufe da kofi, a bari ya kwana. Da safe idan aka ɗaga za a tarar da zanen haƙarƙarin gaba ɗaya a kan takardar, garin iri ne ya zubo ya zana shi. Na wani fari ne, na wani ruwan hoda, na wani ruwan tsatsa, na wani baƙi ƙirin. Na gara ruwan hoda ne mai haske. Akwai kuma mai kore, kuma wannan ya kamata kowane gida ya san shi. Babba ne, fari, da ɓawo-ɓawo ruwan ƙasa a kan hula da zobe a wuya, yana son filin ƙwallo da ciyawar gaban ofis da wurin da aka zuba taki, sau da yawa a jere cikin da'ira. Yana da kyan gani, yana da tsoka, ya yi kama da wasu da ake ci. Yana ƙarami haƙarƙarinsa fari ne, sai ya manyanta yake komawa kore-kore. Sunansa Chlorophyllum molybdites. Wanda ya ci, cikin awa ɗaya zuwa uku amai da gudawa za su kama shi, irin waɗanda ke iya kayar da yaro ko tsoho. A Amurka shi ne kan gaba wajen kai mutane asibiti cikin dukan naman kaza, kuma yana nan a ƙasashenmu masu zafi.

Wanda ya fi shi sharri shi ne mai jinkiri. Amanita phalloides ɗan Turai ne, ya bi dashen bishiyoyi ya isa Amurka da Ostareliya da Afirka ta Kudu. Gubarsa ba ta jin wuta, ba ta jin shanya. Mutum zai ci ya yi awa 6 zuwa 24 lafiya lau, sannan ciki ya ɓaci, bayan kwana ɗaya ko biyu ya ji kamar ya warke, alhali a lokacin hantarsa ke lalacewa. A 2023 mutum uku suka rasu a jihar Biktoriya ta Ostareliya bayan cin abincin da aka sa shi a ciki. Mutanen kudu maso gabashin Asiya da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun sha faɗawa hannunsa, domin ya yi kama da wanda suka saba ci a gida, mai fitowa a kan ruɓaɓɓen karan shinkafa. Dukansu suna da jaka a gindi, amma garin irin da na shinkafar ke zubarwa ruwan hoda ne, na mai kisan fari. Kama da wane ba ta wane. Irin wannan guba tana kuma cikin wasu ƙanana masu launin ƙasa da ba wanda zai kalla sau biyu.

Shi ya sa ba na yarda da gwaje-gwajen da ake yaɗawa: wai in tsutsa ta ci mutum ma zai ci, wai in aka dafa da cokalin azurfa mai guba zai baƙanta shi, wai duk wanda ya fito kusa da suri lafiyayye ne. Babu ɗaya da ke tsayawa. A ba kaza ko kare a jira awa biyu ma ba hujja ba ce, tunda mai kisan yana jinkiri. Idan wani ya ci aka yi shakka, musamman yaro mai rarrafe da ya tsinta a tsakar gida, asibiti za a nufa nan take, da ragowar abin ko hotonsa. Manja da madara ba sa karya wannan guba, jiran a ga abin da zai faru kuwa shi ne ke cinye lokacin da likita ke buƙata.

Hoton ma sai an sauka ƙasa. Ba a buƙatar babbar kyamara, wayar hannu ta isa. A goge idonta da gefen riga, a juya wayar kanta ƙasa yadda idon zai kusa taɓa ƙasa, a dangwala yatsa a kan bakin hular don hoton ya fito tar a wurin. Daga nan ne ake ganin hula da haƙarƙari da ƙafa a hoto guda, ciyawar baya kuma ta dushe. Ranar da gari ya lumshe ta fi ranar da rana ta take, domin farar hula a cikin rana fari kawai take fitowa, duk ɓawon da zanen sun ɓace. In ranar ta riga ta fito a yi masa inuwa da jiki ko da laima, a rage hasken allon kaɗan. Fitilar waya tana ƙona launi, gara a jingina farar takarda a gefe ta mayar da haske ƙarƙashin hular. Ƙaramin madubi da aka ajiye a gindinsa yana nuna haƙarƙarin ba tare da an tumɓuke shi ba, abin da ke da amfani idan guda ɗaya ne tak a wurin.

Hoto mai kyau daban, hoto mai amfani daban, kuma na biyun ya fi damuna. Mai amfani ba ya zuwa shi kaɗai. Akwai na wurin gaba ɗaya da bishiyar da ke kusa, akwai na sama, na ƙarƙashi, na gindin da aka tono da ƙasarsa, na tsagin da aka yi da reza, da na zanen irin washegari. A ajiye tsinken ashana ko rula a gefe don a san girma. In akwai ƙarami da babba da tsoho a jera su tare, saboda jinsi ɗaya yakan sauya kama ƙwarai tsakanin safiya da yamma. Wanda za a tafi da shi gida a naɗe shi a takarda, kowanne daban. Leda tana sa shi gumi ya lalace kafin a isa. Kuma kafin a durƙusa a gindin suri ko kututture a fara bubbuga wurin da sanda, a sa takalmi rufaffe. Danshin da naman kaza ke so, kasa da kububuwa da kunama ma suna sonsa, kuma damina ce lokacin da saran maciji ya fi yawa a karkara.

Manhajojin waya da ke faɗin suna daga hoto suna taimakawa, amma akasarin hotunan da aka horar da su da su na Turai da Amurka ne. Idan ka nuna musu na dajin doka, sunan wani ɗan'uwansa na can za su ba ka, kuma da cikakken tabbaci. A ɗauki amsarsu a matsayin inda za a fara nema. Ba a ɗora tukunya a kanta. Inda hoton ke da daraja shi ne wurin ajiya irin iNaturalist, wanda ya fara a 2008 a matsayin aikin ɗalibai a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Duk hoton da aka sa da ranarsa da wurinsa yana zama shaida cewa jinsi kaza ya fito a wuri kaza, masana daga ko'ina suna iya gani su gyara sunan. Duba taswirarsa ka kwatanta ɗigon da ke kan Ingila da wanda ke kan arewacin Najeriya da kudancin Nijar, za ka ga yawan aikin da ɗalibin sakandare mai waya zai iya yi a damina guda.

Sai dai ilimin da ya fi zurfi ba a waya yake ba. Mutanen birni a ƙasar Hausa da yawa ba sa cin naman kaza sam, amma maƙwabtanmu a kudancin Kaduna da Filato da Neja da Binuwai suna ci, kuma tsofaffin matansu sun san wanne ne wanne, da wane ruwa yake fitowa, a gindin wace bishiya. B. A. Oso ya rubuta irin wannan sani na Yarabawa a 1975. Tun 1916 J. M. Dalziel ya sa naman kaza da tumukun suri a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa. Tumukun surin nan shi ne Podaxis pistillaris, mai dogon kai da ba ya buɗewa, cikinsa cike da baƙin gari, wanda ke jure wa fari har cikin Sahel. Makiyaya da mata masu itace da manoma sun san fiye da abin da ke cikin waɗannan littattafai. Idan ka tarar da tsohuwa da ƙwaryar naman kaza, ka gaishe ta da kyau ka tambaya: Inna, me kuke kiran wannan? A ina yake fitowa? Akwai mai kama da shi da ba a ci, kuma da me kuke raba su? Tambayar ƙarshen ita ce mafi tsada. Ka rubuta amsar a ƙarƙashin hoton, da harshen da aka faɗa da sunan garin. Ni dai ba na sa wa bakina ko ɗaya sai wanda mai irin wannan sani ta tsinto da hannunta a dajin da ta saba, domin saninta na wurin ne, kuma wanda ake ci a Kagoro yana iya samun mai kama da shi a wani dajin da ba a ci.

Daga tsakiyar Oktoba masu laushin sun ɗauke, sai na jikin itace da tumukun suri da ke tsaye a bushe har cikin hunturu. Lokacin ne na zama a jera hotuna a cike ranaku da wurare. Naman kazan gara yakan sake fitowa a gida ɗaya kusan lokaci ɗaya kowace shekara muddin garar na raye, don haka wanda ya rubuta cewa ya same shi a kusurwar gona kaza a makon ƙarshe na Yuli ya san inda zai fara dubawa baɗi, da kuma makon da zai fara.